Yadda Za Ka Shahara a Sana'ar Hoto Ba Tare da Ka Iya Ɗaukar Hoto Ba

Kai da ka sayi kyamara shekaranjiya, ko ledarta ba ka gama cirewa ba, amma kana so a fara ce maka Oga kafin Juma'a, matso kusa. Abin da ke ƙasa tabbatacce ne, an gwada an gani. Duk wanda ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin damina ta zagayo sunansa zai cika Rano, ya shiga Kibiya, ya kai har ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Ban ce da alheri za a riƙa ambatonsa ba. Na dai ce za a ambace shi.

Ba daga kaina na ƙago darasin ba. Mu masu hoto na wannan yanki duk mutum ɗaya muka kwaikwaya, wato Ɗayyabu Mai Hoto, mai shago a bakin tashar Rano. Shi ya riga kowa ɗora kwamfuta a kan tebur, a shekarun nan da kowane bango ya cika da fastar 'yan takara. Abin da ya yi muka yi, abin da ya same shi kuma Allah ne kawai ya tsallakar da mu. Ga matakan.

Mataki na 1: Ka haddace jimla guda

Jimlar ita ce: "Kwamfuta za ta gyara."

Mutanen da suka gabace mu a zamanin fim sun sha wahalar banza. Sai su jira rana ta karkata, su juya mutum ya fuskanci haske, su gyara masa karin hula, su ce ya ɗaga haɓa, ya sauke kafaɗa, ya ɗauke numfashi, sannan su danna. Daga nan su kai fim Kano a wanke, su dawo suna addu'a. Kai ba ka da wannan lokacin. Ɗaga kyamara, danna, sauke.

Idan kwastoma ya ce kamar ya ƙifta ido, ka ce kwamfuta za ta gyara. Idan ya ce rana ta kashe masa fuska, kwamfuta za ta gyara. Idan ya ce ai bai ma gama zama ba, ka ce kwamfuta za ta zaunar da shi. Ɗayyabu ya faɗi jimlar nan har ta zame masa jiki. Wata damina matarsa Saude ta ce masa ɗaki yana yoyo, kafin ya yi tunani bakinsa ya ce kwamfuta za ta gyara. Ta ce to ya ɗauko ta daga shago, ta ajiye masa ita a daidai inda ruwan ke ɗiga.

Ka riƙe wannan a ranka: jiran haske aikin wanda ba shi da janareta ne.

Mataki na 2: Kada ka taɓa duba abin da ke bayan mutum

Bola ce, jaki ne, wani ne ya tsuguna yana alwala, duk ba ruwanka. Danna kawai. Bayan mutum ba nasa ba ne, naka ne, kai za ka zaɓa masa a kwamfuta.

A cikin kwamfutarsa Ɗayyabu yana da gidan bene mai farin fenti da baƙar mota a ƙofa. Yana da lambu mai wasu irin furanni da ƙasar Rano ba ta taɓa fitarwa ba. Yana da jirgin sama da matakalarsa a sauke. Manomin da iyakarsa Kwanar Dangora sai ka gan shi a gindin jirgi yana murmushi kamar shi ya tuƙo shi. A lokacin an daina kafa hotunan mata a ƙofar shago, don haka allon tallar Ɗayyabu duk maza ne, kuma duk sun yi fari sol, sumul-sumul, kamar 'yan ɗaki ɗaya.

'Yar matsalar ita ce benen guda ɗaya ne. An taɓa kai gaisuwar surukai daga Kahu zuwa Kibiya, kawun ango ya shiga ɗakin uban amarya, ya ɗaga kai ya gan shi a bango, tsaye a ƙofar benen da shi ma yake tsaye a ƙofarsa a bangon nasa ɗakin. Suka gaisa a mutunce. Ba wanda ya tambayi wani yaushe ya saya.

Mataki na 3: Idan an ce ka ɗan gyara, ka gyara gaba ɗaya

Nan labarin Malam Mato ya shigo.

Malam Mato tsohon manomi ne daga Durba. Da gona ta fi ƙarfinsa sai ya koma tufkar igiyar rama, yana zaune a ƙofar gida hannuwansa suna aiki daga hantsi har yamma. Tunaninsa ya fara gushewa. Wata rana ya san kowa da sunansa, wata rana kuma ya tashi yana tambayar mutanen da aka binne tun yana saurayi. 'Yarsa Huseina, da ke aure a maƙwabta, ita ke kula da shi. Babban ɗansa Muhammad Sani yana ɗinki a Fatakwal, ya daɗe bai zo gida ba. Shi ya bugo waya ya ce a ɗauki Baba hoto a aika masa ya kafa a shago.

Da tsakar rana Huseina ta sauko da tsohon daga mota, tana riƙe da gefen rigarsa.

"Sannu da aiki, Malam Ɗayyabu. Baba na kawo. Yayana ke son hotonsa, ya ce a ɗan gyara shi."

"An gama, Hajiya," in ji Ɗayyabu, wanda kowace mace Hajiya ce a wurinsa. Ya tsayar da tsohon a ƙofar shago, rana a bayansa. "Baba, ajiye igiyar nan."

"Ban gama ba," in ji Malam Mato, bai ko ɗago kai ba.

"Bar masa abinsa," in ji Huseina. "In aka karɓe rigima zai yi. Amma Malam, kamar fuskarsa ta yi duhu a nan. Ko mu koma inuwa ka ɗan jira ya ɗago?"

Ka riga ka san amsar da aka ba ta.

Da suka tafi Ɗayyabu ya zauna ya naɗe hannun riga. Idanun tsohon a rufe suka fito, sai ya ari na wani hedimasta ya saka masa. Akwai bille a kuncinsa, ya share. Tamojin goshi ya goge su tas. Furfura ya rina ta. Baki duk giɓi, ya jera haƙora, da ya ga wuri ya ragu sai ya dasa haƙorin Makka. Ya cire 'yar shara ya tufatar da shi babbar rigar wani ɗan takara, ya kai shi gindin jirgi ya tsayar.

Hannuwan ne suka ba shi wahala. Igiyar ta ratsa ta tsakanin yatsu, ya wuni yana tsince ta zare-zare. A nan ya ga ƙaramin yatsan hagu a karkace, alamar tsohuwar karaya, shi ma ya miƙe shi. Ya rataya carbi a inda igiya take.

Huseina ta dawo karɓa. Ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo.

"Malam, na Baba na zo karɓa."

"Ai shi ne a hannunki."

Ta sake dubawa. "To haƙorin Makka fa? Baba bai taɓa zuwa ba."

"Fata nagari ne, Hajiya. Mu masu hoto mukan riga mutum isa inda za shi."

Ta saka hoton a jaka. Da ya isa Fatakwal, Muhammad Sani ya bugo waya murya cike da murna. "Ashe haka Baba ya murmure! Ke Huseina, kin yi ta tayar min da hankali a banza." Ta yi ta ƙoƙarin yi masa bayani, amma wa zai saurari magana alhali ga hoto a hannu? Ya ɗage zuwansa gida zuwa bayan babbar salla.

Ka ga aikin gwani. Hoto ɗaya ya kwantar da hankalin mutum a wata uwa duniya.

Mataki na 4: Ka goge na asali

Wannan gajere ne amma kada ka raina shi. Hoton asali shaida ne, kuma a kanka zai yi shaidar. Shi zai nuna cewa ka ɗauki mutum ido a rufe, rana a bayansa. Ga mimorin kyamara ƙarami, ga 'yan takara suna layi. Da zarar kwastoma ya juya baya, goge.

Ɗayyabu ya goge na Malam Mato tun motarsu ba ta cika ba.

Mataki na 5: Idan aka zo cigiya, kada ka nuna ka girgiza

Bayan girbi, ranar wata kasuwar Rano, Malam Mato ya ɓata. Huseina ta shiga gida ɗauko masa koko, ta fito ta tarar da tabarma babu kowa. Wani ya ce ya gan shi ya bi 'yan kasuwa ya hau a-kori-kura da ƙunshin ramarsa a hammata. Direban ya ce tabbas wani tsoho ya sauka a Rano, amma ranar kasuwa tsoffi nawa ke sauka a Rano?

Aka duba asibiti, aka duba ofishin 'yan sanda, aka sanar a masallatai. Da azahar Huseina ta shigo shagon Ɗayyabu, hijabinta a karkace, ƙafafunta fututu.

"Malam Ɗayyabu, Baba ya ɓata. Ba shi da wani hoto a duniya sai wanda ka ɗauka. Na farkon nake so, wanda ba ka taɓa ba."

Ɗayyabu ya tuna tun ranar ya goge shi. Amma gwani ba ya nunawa. Ya yi ta latse-latse, ya buɗe nan ya rufe can, ya hura mimori ya mayar, duk da ya san babu.

"Na farkon ya ɗan samu matsala," ya ce. "Amma ga wannan. Ai kamanni ba sa ɓuya."

Ba ta da zaɓi. Ya buga mata takardun cigiya masu yawa, 'yan'uwa da maƙwabta suka watsu da su a kan babura. Aka manna a tasha, a ƙofar masallatai, a rumfunan kasuwa, daga Rano har Rurum.

Jama'a suka taimaka iya ƙarfinsu, sai dai abin da aka nuna musu shi suka nema: Alhaji mai ƙiba, baƙin gemu, haƙorin Makka. A Kahu wasu samari suka tare wani dillalin shanu yana fitowa daga masallaci, suka riƙe masa hannu a hankali, suna tambayarsa ko ya tuna sunansa. Ya ce ya tuna, har da na ubansu. Suka ce ai haka masu ruɗewa suke yi, faɗa ne da su. Sai da limami ya sa baki aka sauke shi daga kan babur.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Huseina ta daina cin abinci. Duk inda aka ce an ga rijiya ba murfi sai ta je ta leƙa.

Mataki na 6: Ka gwada mayar da tsufa inda ka same shi

Muhammad Sani ya iso daga Fatakwal da hoton nan a cikin gilashi. Bai sauka a gida ba, shagon ya fara zuwa, ƙanwarsa tana biye. Ya ajiye hoton a kan tebur a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Kai ne ka yi wannan?"

"Kwamfuta ce, Yallaɓai."

"To kwamfutar ta mayar min da ubana yadda yake."

Ɗayyabu ya zauna, su biyu suka tsaya a kansa. Ya cire haƙorin Makka, ya cire sauran haƙoran. Ya zuba furfura. Ya ja layuka a goshi. Ya rame kumatun. Abin da ya gano a ranar shi ne, cire tsufa ba wuya, amma mayar da shi sai wanda ya san inda kowane layi yake, kuma shekarun da suka zana su ba su bar masa taswira ba.

"Akwai bille," in ji Huseina.

"Na sani. A wane kunci yake?"

Ta dube shi. "Kai ka share shi. Ba ka gani ba?"

Gaskiyar ita ce bai taɓa kallon fuskar tsohon ba. Ɗan allon bayan kyamara ya kalla, shi ma don ya tabbatar kai bai yanke ba. A kwamfuta kuwa ba fuska yake gani ba, abubuwan gyara yake gani.

Huseina ta juya ga yayanta. "Yaya, faɗa masa."

Muhammad Sani ya ɗaga hannu zuwa kuncinsa na dama, ya mayar na hagu, ya sauke. Ya shafe watanni yana ɗinki a ƙarƙashin fuskar da ba bille, har ta zauna masa a ido ta kore ta gaskiyar. Ya samu benci ya zauna, ya sunkuyar da kai.

"Na hagu," in ji Huseina a hankali.

Aka saka a hagu. Aka gama, aka ja da baya aka duba. Tsoho ne sosai ya fito, mai ban tausayi, da idanun hedimasta.

"Wannan tsoho ne," in ji ta. "Amma ba namu ba ne."

Suka fita ba sallama. Ɗayyabu ya koma gida ya tasa tuwo a gaba har ya huce. Saude ta dube shi, ta buɗe baki za ta faɗi jimlar nan tasa, sai ta ga fuskarsa ta fasa.

Mataki na 7: Ka ci gaba da aiki, zaɓe ba ya jiran kowa

A satin ne wani ɗan takarar kansila mai suna Muhyiddeen ya ɗauke shi ya je Rurum Sabon Gari ya ɗauki hoton taronsa. Ɗayyabu ya je, ya danna yadda ya saba, ya dawo. Washegari da hantsi Muhyiddeen ya zo shago da umarni.

"Ka ga mutanen nan sun yi kaɗan, ka ninka min su. Ka rage min tumbi. Sannan duk tarkacen da ke bayana ka kwashe. Teburin mai shayin nan, da tsohon da ke zaune a gefe, su ba su san taro ake ba? Ko kallona bai yi ba."

"An gama, Honorabul."

Ɗayyabu ya ninka jama'a. Ya rage tumbi. Ya share tukunyar shayi, ya share benci, ya zo kan tsohon. Mutum ne ɗan mitsitsi a can baya, kansa a sunkuye, fuskar ba ta fito ba. Ya faro daga ƙasa yadda ya saba. Ƙafafu suka tafi, gwiwoyi suka tafi. Da ya zo cinya sai ya ga wani abu ya ratsa, ya matso da hoton don ya share da kyau.

Igiya ce, rabinta a tufke, ta bi ta tsakanin yatsu. Ƙaramin yatsan hagu a karkace.

Hannunsa ya tsaya cak a kan linzamin kwamfuta. Fuskar Malam Mato bai san ta ba, ko a hanya suka haɗu zai wuce shi. Amma hannuwan nan ya wuni a kansu. Ya san kowace gaɓa.

"Ka tsaya kana kallo, share mana," in ji Muhyiddeen.

Ɗayyabu ya danna maɓallin komawa baya. Gwiwoyi suka dawo, ƙafafu suka dawo, benci ya dawo, tukunyar shayi ta dawo. Bai tsaya ba har tumbin Honorabul ya dawo.

"Kai! Me kake yi haka?"

Ɗayyabu ya zari waya ya kira lambar da ke jikin takardar cigiya. Kafin azahar Huseina da yayanta sun iso. Ta sunkuya ta kalli ɗan mutumin nan da ba a ganin fuskarsa, ta kalli yadda ya karkatar da kafaɗa, ta dafe tebur.

"Baba ne."

Mataki na 8: Ka karɓi yabo da wuri, kafin a tuna wa ya jawo

Suka hau babura suka nufi Rurum Sabon Gari. A hanya Ɗayyabu ya fara shirya bayaninsa. Ai da gangan ba ya gyara bayan mutum kafin ya danna, saboda irin wannan ranar. Fasaha ce. Kai ma ka koyi wannan: duk kuskuren da ya zo da alheri, dama tsari ne.

Suka tarar da shi daidai inda kyamara ta bar shi, a gefen teburin wani mai shayi da ake kira Shitu, yana tufka. An wanke masa riga, an saya masa silifa. Shitu ya ce wata motar kaya ce ta sauke shi ranar kasuwa da yamma. An tambaye shi daga ina, ya ce daga gidan Dije. Ba wanda ya san gidan Dije, domin Dije mahaifiyar tsohon ce, ta rasu tun kafin a haifi Shitu. Sai ya ba shi wuri a zaurensa, ya sanar wa mai unguwa, aka yi ta cigiya a masallaci ko akwai wanda ya ɓatar da tsoho.

Huseina ta durƙusa a gabansa. "Baba."

Ya ɗago, ya dube ta, fuskarsa ta saki. "Huseina. Kin daɗe da kokon nan."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Muhammad Sani ya tsaya ƙiƙam yana kallon billen da ke kuncin hagu, kamar yau ya fara ganinsa. Sai can ya ɗaga ido sama kaɗan, ya ga abin da ke manne a bangon, daidai saman kan tsohon. Takardar cigiya ce. Alhaji a gindin jirgi, haƙorin Makka yana ƙyalli.

"Malam Shitu, wannan takardar tun yaushe take nan?"

"Ai kusan tare suka zo da Baba. Kullum sai ya kalle ta. Shi ne ma yake tuna mana, in an idar da salla sai ya ce a yi wa Alhajin nan addu'a."

Malam Mato ya ji ana maganar, ya juya ya nuna takardar da igiyarsa. Ya dubi Muhammad Sani, bai gane shi ba, amma ya ga saurayi mai ƙarfi.

"Kai ɗan nan, ku da kuke da ƙafa ku taimaka ku nemo bawan Allahn nan. Yana da 'ya'ya. Suna can hankalinsu a tashe."

Muhammad Sani ya zauna a ƙasa, a cikin ƙura, ya riƙe hannun uban. Da ƙyar ya ce, "An same shi, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon. Ya koma kan tufkarsa.

Shitu ya matso kusa da Ɗayyabu, ya ga kyamara a wuyansa. "Wai don Allah, Malam, kai da kake sana'ar, wane mara tsoron Allah ne ya yi hoton nan?"

Ɗayyabu ya kalli takardar, ya girgiza kai cikin takaici. "Irin aikin yaran Kano ne," ya ce.

Bayanin fasahar nan da ya shirya a hanya bai samu wurin fita ba.

Mataki na 9: Idan aka tilasta maka ɗaukar hoto na gaske, ka daure

Wannan matakin ba a son a kai gare shi, amma ƙaddara takan faɗa wa gwani.

Bayan an kwana biyu Huseina ta aiko a kira Ɗayyabu Durba. Ya isa da rana tsaka, ya ɗaga kyamara zai danna, ta ɗaga masa hannu.

"Zauna, Malam. Ga ruwa. Sai rana ta yi sanyi."

"Hajiya, ai kwamf..."

"Zauna."

Ya zauna. Ba abin yi, sai ya shiga kallon tsohon. Ya ga yadda yake lasar yatsa kafin ya kama sabon zare. Ya ga in an ambaci gona girarsa takan ɗaga. Ya ga idanunsa ƙanana ne, masu ruwa-ruwa, ba su da alaƙa da na hedimasta ko ta nesa. Aka yi la'asar, rana ta sauko ta bi ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ta kwanta a gefen fuskarsa, kowane layi ya fito da inuwarsa. Ɗayyabu ya matsa hagu, ya durƙusa, ya matsa dama, gwiwarsa ta yi ciwo. Muhammad Sani ya ce, "Baba, gero ya yi kyau bana." Tsohon ya ɗago yana dariya, bakin nan duk giɓi. Ɗayyabu ya danna.

Huseina ba ta yarda da shi ba, kuma tana da gaskiya. Ta biyo shi har Rano. Yana kunna kwamfuta ta miƙa hannu ta zare linzamin, ta naɗe wayarsa ta saka a cikin hijabi, ta zauna a benci.

"Hajiya, da me zan yi aiki?"

"Ba aiki za ka yi ba. Wankewa za ka yi."

"Ko ɗan ƙudan nan da ya sauka a hularsa?"

"Da shi aka ɗauka."

Yatsunsa suka yi ta motsi a kan tebur suna neman abin da babu. Hoton ya fito. Ta karɓa, ta duba sau ɗaya, ba ta daɗe tana kallo ba. Ta mayar masa da linzaminsa, ta yi godiya.

Ɗayyabu ya wanke wani babba ya kafa a tsakiyar allon talla, tsoho guda baƙi a cikin fararen nan. Mutane sukan tsaya a kansa fiye da sauran. Wasu har sukan shigo su ce, "Irin wannan nake so, na gaskiya, yadda Allah ya yi ni." Sai ya fitar da su inuwa, ya jira haske, ya durƙusa, ya ɗauka. In sun zo karɓa su duba su yaba, sannan su rage murya su ce, "Amma ka ɗan haska ni."

Yana haskawa. Mu ma muna haskawa.

Sanarwar kare kai

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai biyo bayan bin matakan nan. Idan aka fasa aure saboda ango ya zo bai yi kama da kansa ba, ku sasanta a gida. Idan ka ninka wa ɗan takara jama'a aka ga ƙanin abokin hamayyarsa ya fito a kowane lungu na fasta yana hamma, kamar yadda ya faru da Honorabul Muhyiddeen, kai da shi. Idan wani ya ɓata, ka ajiye linzami ka fita nema da ƙafarka, kada ka ambaci sunana a gaban mai unguwa.

Wanda kuma ya ga lallai sai ya zo ya yi min ƙorafi baki da baki, ƙofa a buɗe take. Ga hotona nan a saman shafi, ni na ɗauki abina, ni na gyara. Ka yanke shi ka riƙe a hannu, ka shigo kasuwar Rano ka neme ni.